Sa Hannun Dwight Pruitt

Shekara goma sha tara na yi a kan kujerar karɓar kiran gaggawa ta Gundumar Larch. Sunana Loretta Haugen. Ni da yayana Wendell a nan garin Tillery aka haife mu, ya girme ni da shekara huɗu. Makaniki ne, yana gyaran manyan motocin ɗaukar katako, amma da an buga ƙararrawa sai ya jefar da sifana ya zura rigar kwana-kwana, kamar yadda babanmu ya yi kafin shi. Su ashirin da uku ne 'yan sa-kai a gundumar, kuma Wendell ne shugaban ayarin da ke kula da Kwarin Mabry. Tsokana ce da shi kamar me. In ya kama oba-oba ba ya kiran ɗakinmu da lamba yadda ƙa'ida ta ce, sai dai ka ji, “Retta, kina nan ko kin tafi shan kofi?” Ni kuma in ce, “Ka yi magana kamar mutum, ana naɗar muryarka.”

A shekarar 2012 kowa a sana'armu zance ɗaya yake yi, matse layi. Hukumar sadarwa ta tarayya ta daɗe da sanar da cewa daga ranar ɗaya ga Janairun 2013, rediyon 'yan sanda da na kwana-kwana da na motocin asibiti dole ya koma cin rabin faɗin da yake ci a iska, don wasu ma su sami gurbi. Ban taɓa ganin laifin dokar ba. Ta ma bar ƙofa: wanda ya ga ba zai cika wa'adin ba sai ya jefa mutane cikin haɗari, ya rubuto ya nemi a ɗaga masa ƙafa, ya kawo hujjarsa.

Mu kuwa muna da hujja. Orval Bascom, tsohon da ke gyara mana rediyo tun ina 'yar makaranta, ya yi kwana uku a watan Afrilu yana yawo cikin a-kori-kurarsa, kowane mil ya tsaya ya kira ni a kan matsattsen layi, ni kuma ina rubuta abin da na ji. Ko'ina lafiya lau, sai Kwarin Mabry. Daga gadar ƙarfe zuwa ƙarshen kwarin, mil tara, tsohon layi da ƙyar yake shiga, sabon kuwa ba ya shiga sam. Orval ya rubuta rahoto shafi biyu, ya ce a fara dasa ƙarfen eriya a kan Dutsen Kessel, kafin nan a nemi ƙarin wata goma. Ni na buga wasiƙar neman ƙarin a watan Mayu, na haɗa da rahoton, na kai wa Dwight Pruitt.

Dwight shi ne shugaban ayyukan gaggawa na gunduma, wato maigidanmu gaba ɗaya. Ajinsu ɗaya da Wendell a sakandare. Ga fara'a, ga riga kullum a goge, kuma ba ya manta ranar haihuwar kowa. Ba wanda bai san yana hangen wata kujera a babban birnin jiha ba, ta mai kula da sadarwar gaggawa ta jihar baki ɗaya, wadda mai ita zai yi ritaya a ƙarshen shekara. Ya karɓi wasiƙar, ya duba, ya ce, “Aiki ya yi kyau, Loretta. Bar min, yau zan aika.”

A watan Yuli ya tara mu a zauren kwana-kwana ya ce Washington sun ƙi.

Orval ya ce, “Sun ƙi? Da wane dalili?”

“Kai ma ka san mutanen nan, Orval. Ba su taɓa ganin dutse ba sai a jikin kalanda.”

Aka yi dariya. Wendell yana jingine da ƙofa, ya ce, “To mu da ke shiga kwarin da me za mu riƙa magana, Dwight? Da hayaƙi?”

“Ƙarfen Kessel yana nan tafe baɗi. Tunda ba makawa, gara mu juya da wuri mu ga inda gyara yake tun ƙanƙara ba ta sauko ba.”

Orval ya ce a bari sai Disamba, lokacin da wutar daji ta wuce. Dwight ya dafa kafaɗarsa ya ce ya ji, zai duba. Ranar shida ga Agusta aka juya kowane rediyo a gundumar. Mako na zagayowa hotonsa ya fito a jarida, riƙe da oba-oba, an rubuta cewa Larch ce gunduma ta farko a jihar da ta cika sharaɗin.

Ranar Talata, sha takwas ga Satumba, tsawa ta faɗa kan wata busasshiyar bishiya a ƙarshen Kwarin Mabry. Wendell ya shiga da mutum uku wajen tsakar rana. A bakin gada ya kira ni, ya ce, “Retta, mun shiga. Ki ce wa Corinne kada ta jira ni da abinci.” Corinne matarsa ce.

Ƙarfe uku saura minti ashirin ofishin hasashen yanayi suka bugo min waya. Iska za ta juya daga kudu zuwa arewa cikin rabin awa, da ƙarfi, a fito da duk wanda ke saman wutar. Na danna maɓalli na kira ayarin Mabry. Shiru. Na sake kira. Na bar lamba na koma kiran sunansa. Sau goma sha ɗaya na kira, yana nan a naɗe. Wayar hannu ba ta aiki a kwarin, kowa ya sani. Na tura ɗan sanda a mota, tafiyar minti arba'in ce. Uku da minti biyar na ji wani ƙarar ƙas-ƙas a lasifika, kamar ana murza takarda, bai kai daƙiƙa biyu ba ya ɗauke.

Mutum ukun suna ƙasa kusa da rafi, suka faɗa ruwa, suka tsira da ƙuna a hannu da wuya. Wendell shi ke can sama a kan gangara, nan wutar ta cim masa, bai fito da rai ba. Minti ashirin da biyar ke tsakanin kirana na farko da juyawar iska, kuma daga inda yake zuwa rafin bai fi gudun minti shida ba. Ni na je na auna daga baya, da ƙafata.

Jiha ta turo mutum biyu su yi bincike. Dwight ya ba su bayani a rubuce, ya sa hannu. Ya ce gunduma ta nemi a ɗaga mata ƙafa, tarayya ta ƙi, hannunsa a ɗaure yake. Da baki kuma ya ƙara musu wata magana, ina zaune a wurin. Ya ce, “A duba ko a kan layin da ya dace aka yi kiran. Ba wai ina ɗora mata laifi ba. Ɗan'uwanta ne a ciki, ko waye zai rikice.”

Suka saurari abin da aka naɗa, suka ga a kan layin da ya dace nake. Amma maganar ta riga ta fita gari. A kanti sai in ga mata biyu sun yi shiru in na zo wucewa. Wata rana Corinne da kanta ta tambaye ni, tana wanke kwanuka ba ta ko juyo ba, “Retta, kin tabbata dai kin danna daidai?”

A tsakiyar Oktoba na je wani horo na kwana ɗaya a gundumar da ke maƙwabtaka da mu. Lokacin cin abincin rana, wata mai irin aikina a can ta zauna kusa da ni ta yi min ta'aziyya, sannan ta ce, “Ni abin da ya ɗaure min kai, me ya sa aka hana ku? Mu wata tara aka ba mu, kuma duwatsunmu ba su kai naku ba.”

Na ce ban sani ba.

“Ai suna rubuta dalili. Komai yana shafinsu na intanet, wanda ya nema, da wanda aka ba, da wanda aka hana. Zo ki gani.”

Ta buɗe a kwamfutarta. Muka sa sunan gundumarsu, takardunsu suka fito. Muka sa Larch. Ba komai. Muka sa lambar lasisinmu, muka sa sunan Dwight, muka sa Tillery. Ba komai. Washegari na buga wa hukumar waya daga cikin motata. Wata mata mai ladabi ta duba, ta sake dubawa, ta ce min Gundumar Larch ba ta taɓa shigar da wata buƙata ba, don haka ba abin da aka ƙi.

Na yi mata godiya, na kashe wayar. Tun ranar jana'iza nake kuka kullum, a wanka, a mota, a layin kanti. Ranar nan ya tsaya. Na tayar da mota na tafi shagon Orval.

Da na gama faɗa masa sai ya miƙe ya ɗauki hularsa. Shekararsa saba'in da ɗaya.

Na ce, “Ina za ka?”

“Zan je in fasa masa hanci.”

“Zauna. In ka fasa masa hanci ka kwana a ɗaure, shi kuma gari ya tausaya masa. In na je na faɗa yau, zai ce a gidan waya ta ɓace, ko ya ce ta waya aka gaya masa an ƙi, ya manta sunan wanda ya gaya masa. Kuma wa zai yarda da ni? Ni ce wadda ta rikice.”

“To me kike so a yi?”

“So nake ya rubuta da hannunsa.”

Orval ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya koma ya zauna.

Ban sha wahalar neman hanya ba, ita ta zo ta same ni. Bayan mutuwar Wendell 'yan sa-kai suka ce ba mai sake wuce gadar ƙarfe sai an dawo da tsohon layi. Orval ya mayar da rediyoyin kwarin yadda suke, doka ta yarda da hakan har ƙarshen Disamba. Daga nan kuma sai da izini, ga shi ba a iya hawa Dutsen Kessel da kayan aiki sai ƙanƙara ta narke a watan Yuni. Mutum tara suka ce in Janairu ta zo ba izini, za su ajiye rigunansu. Dwight kuwa an kira shi ganawa a babban birni, ba ya son a ji cewa rabin 'yan kwana-kwanansa sun watse.

Ya same ni a ɗakin kira da kofi biyu a hannu. Ya ajiye min ɗaya, ya ja kujera.

“Loretta, na san ba lokacin da ya dace ba ne. Amma ke kika rubuta ta farko, kin san kan abin. Ina so mu sake nema.”

Na ce, “Ai sun ƙi. Me zai sa su yarda yanzu?”

Ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya. “Yanzu akwai abin da ya faru. Ki sa labarin Wendell a ciki. Shi ma da zai so a yi amfani da shi a ceci wasu.”

Na shanye kofin nan har ƙasa don kada ya ga bakina. Na ce to.

Kwana huɗu na yi ina rubuta ta. Ban sa ƙarya ko ɗaya ba, ban sa zagi ba. Na bayyana kwarin, na haɗa rahoton Orval da kwanan watansa, na faɗi ranar da aka juya layi da ranar gobara. A sakin layi na uku na rubuta cewa an shirya irin wannan buƙata a watan Mayu, an miƙa wa shugaban ayyukan gaggawa, ba a aika da ita ba, kuma wannan ce buƙata ta farko da gundumar ta taɓa shigarwa.

Na kai masa ofis da safe. Yana karantawa yana gyaɗa kai har ya iso wurin. Na ga wuyansa ya yi ja.

“Wannan fa?”

Na ce, “Na kira su ne in karɓi lambar tsohuwar buƙata don in sa a ciki, suka ce ba su da ita. Na ɗauka aiki ne ya yi maka yawa ka manta.”

Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya tsaya a bakin taga.

“Ba mantawa na yi ba. Na yi magana da mutanen da suka san yadda abin yake, suka ce ba za a ba mu ba. Na ga ba amfanin ɓata lokaci. Da an aika ma, amsar ɗaya ce. Kin gane?”

“Na gane. Ka yi abin da ka ga ya dace.”

“Wa kika gaya wa?”

“Wa zan gaya wa, Dwight? Ni yanzu ko coci ba na iya zuwa.”

Ya sauke numfashi. Ya dawo ya ɗauki biro ya ja layi a kan sakin. “Cire wannan. Ba ya ƙara komai.”

Na ce, “Zan cire in ka ce. Amma ka duba. Ba za mu ce musu sun ƙi ba, sun san ba su ƙi ba, kuma akwai rantsuwa a ƙasan takardar. In kuma muka yi shiru, ga rahoto na watan Afrilu, ga mu muna nema saura wata biyu wa'adi ya cika. Dole su tambayi me muke yi tun lokacin. Kuma ba kai za su tambaya ba, shugabannin gunduma za su rubuto wa.”

Ban san ko haka suke yi ba. Shi ma bai sani ba.

Ya ce, “Su waye ke karanta irin waɗannan takardun?”

“Wani ma'aikaci a Washington, mai ɗari irinta a kan tebur.”

Ya yi 'yar dariya. “A garin nan ma wa ke karanta wani abu in ba sakamakon ƙwallo ba.” Ya ce in sake bugo shafin ba tare da layin da ya ja ba. Na bugo. Ya sa hannu, irin sa hannunsa mai babban harafi da jela. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, “Ke mutuniyar kirki ce, Loretta. Ba zan manta ba.”

Ni da kaina na shigar da ita a ranar, ban bar wa kowa ba. Bayan kwana uku ta fito a shafin hukumar inda duk duniya za ta iya gani.

Daga nan sai jira. Orval kullum sai ya kira ni ya ce me muke jira. Na ce izinin tukuna. Ban san ko hayaniya za ta sa a jinkirta shi ba, kuma akwai gidaje sittin a kwarin nan, da mutanen da Wendell ya horar da hannunsa. Mako bakwai ina gaishe da Dwight kowace safiya, ina tambayar lafiyar matarsa. Da aka sanar ya sami kujerar babban birni, ni na sayo katin taya murna na zagaya da shi kowa ya sa hannu. Ranar sha tara ga Disamba izini ya fito, an ba mu har ƙarshen Oktoba.

Aka sa walimar bankwana ranar Lahadi, sha uku ga Janairu, bayan an taso daga coci, a zauren kwana-kwana. An fitar da motocin waje an jera tebura. Kowace mace ta kawo tukunyarta, wake da nama mai yaji, burodin masara, naman barewa, kek iri-iri. Mutum ya fi ɗari. Shugabannin gunduma uku suna nan, da mai jaridar garin, da wani Mista Abernathy wanda ya zo daga babban birni, shi ne zai zama maigidan Dwight. Corinne tana can baya da 'ya'yanta mata biyu. Dwight ne ya roƙa a ba ni dama in yi magana a madadin ma'aikata. Ina jin so yake baƙon ya ga ƙanwar mamacin tana yaba masa.

Na tashi da takarda biyu a hannu. Na ce ni ban iya jawabi ba, don haka maganar Dwight zan karanta, tunda ya fi ni iya magana. Aka yi dariya, har da shi.

Na karanta ta farko, bayanin da ya ba masu bincike a watan Satumba, inda ya ce an nema an hana. Na faɗi kwanan wata, na ɗaga na nuna sa hannun. Mutane suna gyaɗa kai. Sannan na karanta sakin layi na uku na ta biyun, a hankali, sau biyu. Na ɗaga ita ma.

Orval ya riga ya fara bin tebura da kwali, yana ajiye wa kowa kwafi a gefen faranti.

Kowa ya sunkuya yana karanta nasa. Ana jin ƙarar injin ɗumama ɗaki. Dwight ya miƙe yana murmushi, ya ce, “Jama'a, Loretta tana cikin wani hali, kowa ya sani. Wannan magana ce ta ofis, akwai bayanin da...”

Wani daga cikin mutum ukun da suka tsira, Gus Tolliver, wanda har lokacin hannunsa na dama yana cikin safar asibiti, ya katse shi. “Dwight, ka aika ko ba ka aika ba?”

“Gus, abin ba haka yake da sauƙi ba.”

“Da sauƙi mana. Ka aika?”

“Ko da an aika...”

“Ɗan iska,” in ji Gus. Bai ɗaga murya ba.

Na ce, “Gundumar da ke kusa da mu wata tara aka ba su. Mu ma da muka nema, mako bakwai aka yi aka ba mu. Da ka aika a watan Mayu, da ranar sha takwas ga Satumba muna kan tsohon layi. Ka zauna a gaban baƙi ka ce a duba ko na danna daidai. Na danna daidai, Dwight. Sau goma sha ɗaya.”

Corinne ta taso daga baya. Mutane suka buɗe mata hanya. Na ɗauka marinsa za ta yi. Ta tsaya a gabansa ta ce, “Kai ka ɗauki akwatin gawarsa. Kana gaba, ta hannun dama.” Ta juya ta kama 'ya'yanta suka fita.

Mista Abernathy ya ninke kwafinsa biyu ya sa a aljihun kwat, ya ɗauki hularsa. Ko kek bai tsaya ci ba.

Ranar Laraba aka janye kujerar babban birnin. Ranar Juma'a shugabannin gunduma suka karɓi takardar ajiye aikinsa. Lauyan gwamnati ya duba maganar bayanin ƙarya ga masu bincike, aka yi ta ja har bazara, daga ƙarshe aka ce ba za a kai shi kotu ba. Mutane suka ce min ai ya ga sakamakonsa, in bar shi haka. A watan Yuli aka dasa ƙarfen Kessel, Orval ya sake bin kwarin mil bayan mil, ina jin sa tar har ƙarshe, sannan muka matse layin.

Dwight ya sayar da gidansa ya bar jihar. Bayan wata biyar na ga sunansa a sanarwar wata gunduma a kudu, suna shirin ɗaukar sa mataimakin shugaban ayyukan gaggawa. Irin wannan aiki ba a ɓoye shi, dole a buga a bayanan zaman majalisa. Na sa takardun nan biyu a ambulan, ban ƙara ko kalma ba, na aika wa kowane ɗan majalisarsu. Ba su ɗauke shi ba. Bayan shekara wani kamfanin sayar da rediyo ya sa hotonsa a shafinsa, wai mai ba gundumomi shawara. Na aika musu. Hoton ya sauka. Wuri na uku wata kwaleji ce da ta ba shi koyar da darasin shirin ko-ta-kwana.

Corinne ta zo gidana a kan wannan. Ta ce, “Retta, ya isa. Matarsa ta kira ni tana kuka. Yaran nan ma so suke su daina jin sunansa.”

Na ce, “Ban hana kowa dainawa ba.”

“Wendell ba zai so haka ba.”

“Kowa ya san abin da Wendell zai so, ban da ni. Dwight ma ya gaya min abin da zai so.”

Ta ɗauki jakarta. Tun daga ranar muna gaisawa, amma ta daina kirana cin abincin Lahadi.

Shi da kansa ya zo a kaka ta uku. Ina share ganye a gaban gida da rana sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, gashin ya zube, rigar ba guga. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin shinge.

“Loretta.”

“Mista Pruitt.”

“Tafiyar awa goma sha ɗaya na yi. Ki ba ni minti biyar.”

Na jingina da tsintsiyar ina jira.

Ya ce ba ya barci. Ya ce ba ranar da ba ya tuna Wendell, tare suka yi wasan ƙwallo, tare suka fara farauta. Ya ce kuskure ya yi, ya ɗauka wata biyar ne kawai ya rage wa'adi ya cika, ba abin da zai faru. Matarsa ta koma wurin 'yar'uwarta. Yanzu taya yake sayarwa a shagon wani. Ya yi kuka sosai, har yana riƙe shingen.

“Me kike so in yi? Faɗa min, in yi.”

“Ba abin da nake so a wurinka.”

“To yaushe zai ishe ki?”

“Ban sani ba. Ka ci gaba da sayar da tayarka, ba ruwana da kai. Amma duk ranar da ka sake neman kujerar da ran wani zai rataya a kan sa hannunka, ko a wace jiha ce, ambulan zai riga ka isa.”

“Ki yafe min, don Allah.”

“A'a.”

Ya tsaya kamar yana jiran ƙari. Na ci gaba da shara. Can na ji ya buɗe mota, ta ƙi tashi sau biyu, a na uku ta kama.

Faston cocinmu ya ji labarin zuwansa, ban san ta yaya ba. Ranar Lahadi ya yi wa'azi a kan yafiya, minti arba'in, yana yi yana duban layin da nake zaune. Da aka tashi ya tare ni a bakin ƙofa ya ce yana fata na ji saƙon. Na ce na ji, Fasto, muryarka tana fita sosai. Mako na gaba na koma cocin da ke hanyar Mabry, mil goma sha huɗu daga gidana, inda Gus Tolliver da matarsa ke zuwa. Suka matsa suka ba ni wuri a bencinsu.